Takardar Ɗaukar Aiki: Gargaɗi ga Iyayen Gida a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san ƙasar noma ce, ta auduga da masara da dawa. Tun zamanin da Kamfanin B.C.G.A. ya kafa injinan gurzar auduga a garuruwan nan biyu, hanyar jirgi kuma ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa har ta isa Ƙauran Namoda a 1929, mutane suke sayar da ƙarfinsu don a biya su lada. Yau kuwa ga masu injin casa da niƙa, ga masu rumbunan hatsi, ga manyan manoma, duk suna ɗaukar ma'aikata. Amma da yawansu har yanzu da baki kurum suke ƙulla magana. Ran da saɓani ya faɗo, maigida ya ce kaza ya alkawarta, yaro ya ce a'a kaza ne, ba kuwa mai raba gardama.

To, doka ba ta bar abin nan a sake ba. Dokar Ƙwadago ta 1971, wadda ake aiki da ita har yau, ta ce cikin Sashe na 7 lalle maigida ya ba ma'aikaci takarda kafin ya wuce wata 3 da kama aiki. A cikinta za a rubuta sunan maigida da na ma'aikaci, da ranar ɗauka, da irin aikin, da yawan lada da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da tsawon notis in za a rabu. Wanda ya yi wata 12 a jere yana da hutun kwana 6 na aiki, ko fiye, da cikakken biya. In ciwo ya kama shi, likita ya ba da shaida, ana biyansa har kwana 12 cikin shekara. Ba a kuwa tsawaita tsakanin biya da biya ya wuce wata guda.

Sallama ma da ƙa'idarta. Wanda bai wuce wata 3 ba, notis na kwana 1. Wanda ya wuce haka amma bai cika shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 ko fiye, wata guda. Notis na mako ko fiye sai a rubuce. In maigida ya ƙosa, sai ya biya kuɗin kwanakin a madadinsa.

Akwai wani wuri da mutane suke yawan tuntuɓe. A watan Yuli 2024 aka sa hannu kan dokar da ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga Naira 30,000 zuwa 70,000. Gaskiya ne dokar albashin nan ta ware wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta ware aikin jinga, da aikin gona irin na damina da kaka. Sai wasu suka ɗauka ke nan ba wata doka a kansu. Ba haka ba ne. Dokar albashi dabam, ta ƙwadago dabam. Mai injin da ke da yara 6 ba a tilasta masa biyan 70,000 ba, amma takarda da hutu da notis suna nan a wuyansa. Haka kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta aza wa iyayen gida zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya cikin asusun NSITF, domin ran da inji ya ci hannun yaro a sami abin da za a yi masa diyya.

Ku akawuna, nan ne nauyi ya faɗo kanku, gama littafin biya a hannunku yake. Doka ta ce a ajiye lissafin lada da sharuɗɗan aiki har shekara 3. Kowa ya karɓi kuɗi ya sa hannu ko ya dangwala. Kada ku yanke wa mutum albashi da sunan tara don maigida ya fusata; ko ɓarna ma'aikaci ya yi da ganganci, sai da rubutaccen iznin jami'in ƙwadago. In shari'a ta kai gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, abin da ke rubuce shi ne zai tsaya muku.

Mu malamai kuwa, mu lura: dokar 1971 ta fi duban masu aikin ƙarfi da akawuna, ta ware masu mulki da ƙwararru. Saboda haka malamin da zai koyar a makarantar wani, babbar garkuwarsa ita ce takardarsa. Ya karanta ta da kyau kafin ya ɗauki alli. Sa'an nan mu koya wa almajiranmu wannan, gama cikinsu akwai leburorin gobe, akwai kuma iyayen gida. Hausawa sun ce, tun ran gini, ran zane. Allah ya sa mu ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin.