Gurasar Kasko: Darasi Daga Matan Maroko

Duk wanda ya yi sammako a Wara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, zai tarar da masunta da 'yan makaranta a teburin mai shayi. Sai dai burodin da dā yakan ishi yara uku, yau da ƙyar yake isar ɗaya. Mafi yawan alkamar da muke ci daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Saboda haka yaƙin Rasha da Yukiren na 2022, da janye tallafin man fetur a 2023, duk sun biyo mu har bakin Tafkin Kainji.

Ba yau muka fara shan wannan wuya ba. Dattawa za su tuna 1987, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka koma noma ta a Kadawa da Bakalori, aka shiga cuɗa fulawa da garin masara da na rogo.

Gurasa kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Fatake Larabawa da suka ratso hamada ne suka kawo ta Kano, inda har yau ake manna ta a jikin tanderu. To, gida nawa ne a Ngaski ko Shanga ke da tanderu? A nan ne matan Maroko suka yi mana nisa. Suna da wata gurasa da suke kira batbut, wadda ba ta bukatar komai sai kasko da garwashi. Sukan cuɗa fulawa da tsakin alkama mai laushi, a ƙauyukansu ma akan yi gurasa da sha'ir. Mu ba mu noma sha'ir, amma Allah ya hore mana dawa.

Ga yadda muka yi. Uwargida ta auno fulawa gwangwanin madara 8, da tankaɗaɗɗen garin dawa gwangwani 2. Ta zuba yis babban cokali 1, sukari babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 2. Ta riƙa zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, wajen gwangwani 4, tana murzawa har minti 10, sai ƙullin ya yi sulɓi ya daina kama hannu. Ruwan kada ya yi zafi, domin zafi yana kashe yis.

Daga nan ta cura shi kamar girman lemo, ta bar shi ya huta minti 10. Sannan ta faɗaɗa kowane curi da tafin hannu, kaurinsa kada ya wuce ƙaramin yatsa. Ta jera a kan tsabtataccen zane, ta rufe, ta ba shi awa 1 ya tashi. In lokacin hunturu ne, ta ƙara haƙuri. Ta ɗora kasko a wuta madaidaiciya, ba mai ko ɗigo, ta riƙa juya gurasar akai-akai. Za ta ga ta kumbura kamar kwaɗo, domin tururin da ke ciki ya raba ta biyu, ya bar aljihu a tsakiya.

Wani hanzari ba gudu ba. Da muka fara gwadawa, son arha ya sa muka zuba dawa rabi da rabi. Abin da muka sauke ya tsattsage kamar busasshen laka, yara suka ƙi ci. Dalili kuwa, alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, dawa ba ta da shi. Kada dawa ta wuce kashi 1 cikin 5.

Mahaɗi ba sai an je nesa ba. A ɓare kifin banda, a yanka albasar Yawuri, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, a cusa a aljihun nan. Masunci zai shiga kwalekwale da guzurinsa, yaro kuma ya wuni a aji ba ya hamma.

Ba mu ce fulawa za ta yi arha ba. Amma kuɗin gashi, da na mota, da ribar ɗan tireda, duk za su tsaya a gida. Matan unguwa ma suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba. Guntun gatarinka, ai ya fi sari ka ba ni.