Hutun ƙarshen mako a Yankari: Yini ɗaya tak ma'aurata ke saya

A mafi yawan gidajen Arewa, miji da mata ba sa kama hanya su biyu sai da dalili mai ƙarfi: ɗaurin aure, ta'aziyya, dubiyar mara lafiya ko kai yaro makaranta. Tafiyar da ba ta da wata manufa illa hutu, a kwana biyu a masauki a cikin daji a dawo ranar Lahadi, har yanzu baƙuwa ce ga mutane da yawa. Ita kanta kalmar otal ba ta da daɗin ji a kunnen wasu iyaye, ko da kuwa da igiyar aure aka shige shi.

Duk da haka akwai masu yin ta, musamman ma'aikatan birane waɗanda gidajensu ba sa rabuwa da baƙi da hidimar yara. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, hutu a Dubai ko Alƙahira ya fi ƙarfin aljihun mai albashi, har mai ɗan abin hannu ma sai ya yi lissafi. Wanda ya waiwayo gida, sunan da ya fi saurin zuwa masa shi ne Yankari, gandun namun dajin da ke ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi.

Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disambar 1962. Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Masaukin baƙi yana can tsakiyarsa, a sansanin Wikki, inda aka gina ɗakunan kwana fiye da ɗari iri daban-daban, da wurin cin abinci da ɗan gidan adana kayan tarihi.

Abin da mai shirin wannan tafiya ya kamata ya fara fahimta shi ne, sunan kawai ne kwana biyu. Juma'a ta hanya ce, Lahadi ma ta hanya ce. Asabar kaɗai ce ta ma'auratan, kuma duk kuɗin mai da na ɗaki da na abinci saboda wannan yinin ake kashe su. Duk abin da ya ci Asabar ya cinye tafiyar gaba ɗaya.

Lissafin hanya shi ke fara nuna haka. Daga garin Bauchi zuwa Wikki tafiyar kimanin kilomita 110 ce. Ana bin titin Gombe, a karkata a Dindima, a isa babbar ƙofa da ke ƙauyen Mainamaji. Wanda bai taɓa zuwa ba kan ɗauka cewa da ya ga ƙofa ya iso, alhali akwai sauran kilomita fiye da 40 a cikin daji kafin sansanin, a kan titin da bai kamata a yi gudu a kansa ba saboda dabbobi na tsallakawa. Mazaunin Bauchi ko Gombe zai iya sallar Juma'a a gida, ya ɗauki iyalinsa, ya isa da sauran rana. Na Jos ma idan bai yi nawa ba zai iya. Amma mutumin Kano da ke da kusan kilomita 300 kafin ya ga Bauchi, balle na Abuja da ke da fiye da 400, idan ya ce sai an tashi daga aiki zai kama hanya, dare zai riske shi tun bai kai ko'ina ba. Irin wannan sai dai ya nemi hutun ranar Juma'a ya yi sammako, ko ya bi jirgi zuwa filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi bayan ya tabbatar da ranakun tashinsa, ya kuma shirya motar da za ta ɗauke su daga can. Wanda bai samu ɗaya daga cikin biyun nan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin zai isa Wikki da azahar ɗin Asabar a gajiye, washegari ya juyo.

Batun dare ba na gajiya ba ne kaɗai. A 'yan shekarun nan an sha samun rahotannin hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alƙaleri da ke wajen iyakar Filato da Taraba. Wannan bai hana baƙi zuwa Yankari ba, amma ya isa dalilin da zai sa a yi tafiyar da rana, a kuma tambayi halin da hanya ke ciki a satin da za a tashi, ba a dogara da labarin wanda ya je bara ba.

Bayan hanya sai lokaci. Da damina, daga Mayu zuwa Satumba, dajin ya fi kyan gani, amma ciyawa ta fi tsayin mutum, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun bazu, wasu hanyoyin zagaye kuma sun zama taɓo. Da rani ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ƙananan ƙoramu ke ƙafewa, ƙishirwa ta tattaro namun daji zuwa kogin Gaji da ya ratsa gandun. A nan ne ake samun saɓani tsakanin jin daɗin jiki da cikar ido. Disamba da Janairu lokacin hunturu ne, dare da sanyi, barci da daɗi. Maris da Afrilu zafi kan kai ma'auni 40, amma a lokacin ne aka fi ganin dabbobi a fili. Ma'auratan da hutu ya kai su, ba ɗaukar hoton giwa ba, watan Fabrairu ya fi yi musu adalci. Sannan duk wanda shiru yake nema ya guji ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da bukukuwan Sallah da Ista, domin a waɗannan ranaku sansanin kan cika da iyalai da ayarin matasa, ɗaki ma sai wanda ya kama da wuri.

Idan an dace da hanya da lokaci, Asabar takan fara ne da zagayen daji da sassafe, a mota, tare da ma'aikacin da ya san hanya. A nan ma ya kamata a rage buri. Yankari ba gidan zu ba ne, babu dabbar da aka ɗaure tana jiran baƙo. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne akwai giwaye tsakanin 100 zuwa 150, garke mafi girma cikin waɗanda suka rage a Najeriya, amma a daji mai wannan faɗi mutum na iya kwana uku bai ga ko ɗaya ba sai sawunsu da kashinsu. Zakuna sun ragu ƙwarai, wanda ya ga ɗaya ya yi babbar sa'a. Abin da aka fi cin karo da shi su ne gwambaza da mazo da gwanki da kanki da ɓauna, sai dorina da kada a bakin ruwa, da tsuntsaye fiye da iri 350. Farautar sata da kiwo a cikin gandun sun daɗe suna cin dabbobin, shi ya sa a 2014 ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta Amurka ta shiga yarjejeniya da gwamnatin jihar don taimaka wa masu gadin daji da sintiri. Mai son raƙumin dawa da jakin dawa ya fi samun tabbacin ganinsu a Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wannan kuwa tafiya ce ta daban, ba ta shiga cikin Asabar ɗin nan.

Dabbobin da babu shakka za a gani su ne waɗanda ba a biya kuɗin mota dominsu ba. Gadu na kiwo a gaban ɗakuna kamar tumakin gida. Gwaggon biri kuwa ya san leda, ya san kwanon abinci, ya san ƙofar da ba a sa wa sakata ba. Matar da ta yi ɗawainiyar soya kaza da dambun nama don guzuri, idan ta fito da su fili a hannu, ba da mijinta za ta ci ba. A daji kuma akwai ƙudan tsando, wanda baƙaƙe da shuɗɗan tufafi ke jawowa, don haka kaya masu haske da dogon hannu sun fi.

Abin da ba ya yaudarar baƙo a Yankari shi ne ruwan Wikki. Maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse a gangaren sansanin, ɗuminta ma'auni 31 dare da rana, rani da damina. Ruwan garai-garai yake har ana hango yashin ƙasa, ya miƙe kimanin mita 200 a inuwar manyan itatuwa kafin ya nufi Gaji. Wajen bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, can ƙasa kuma wanda bai iya iyo ba zai iya tsayawa. Wuri ne na kowa da kowa, maza da mata, kuma wannan yakan takura matar da ba ta saba shiga ruwa a gaban jama'a ba. Dabarar ita ce lokaci: da sanyin safiya, sa'ad da yawancin baƙi suka tafi zagaye ko suke barci, wurin kan zama kusan babu kowa. Saboda haka wasu ma'auratan ke barin zagayen daji sai yamma, su ba ruwan safiyarsu. Ko ba a shiga ba, zama a bakinsa na awa guda ba tare da sallamar baƙo ko kukan yaro ba, shi ne ainihin abin da aka biya wa kuɗi.

Wanda ya rage da ƙarfi na iya neman a kai shi kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey. Amma cusa komai a yini ɗaya mayar da hutu aiki ne.

Kuɗin ɗaki ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai kuɗin shiga, da na zagayen daji, da abinci, ga man mota zuwa da dawowa, wanda ga mai tasowa daga nesa zai iya zarce kuɗin kwanan. Masauki irin wannan da ke hannun gwamnati, kyansa na hawa da sauka gwargwadon kulawar da yake samu, don haka hoton intanet ba hujja ba ne. A kira a tambayi wane irin ɗaki ne, awa nawa ake ba da wuta, na'urar sanyaya ɗaki na aiki ko a'a. A riƙe tsabar kuɗi, domin a daji ba a dogara da layin waya wajen tura kuɗi. A cika tanki tun daga Bauchi.

Akwai kuma lissafin da ake yi tun a gida. Wa zai zauna da yara, kuma me za a faɗa wa surukai? Mai mace fiye da ɗaya yana da ƙarin tambaya, domin kwana biyun nan na wata ne. An ruwaito cewa Annabi (SAW) kan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani a kan hukuncin rabon kwana a irin wannan hali. Magidancin da ya ɗauki ɗaya ba tare da ya daidaita da sauran ba, hutun da ya samu a Wikki zai biya shi da riba idan ya dawo.

Ranar Lahadi, a bar sansanin kafin hantsi ya yi nisa. Mai wucewa ta Bauchi da ke da sauran awa guda zai iya tsayawa a kabarin Firaministan Najeriya na farko, Sir Abubakar Tafawa Balewa, da ke cikin gari. Mai komawa Kano ko Abuja ba shi da wannan awar idan yana son magariba ta same shi a gida.