Kamun Kifi da Fatsa: Abin da Sabon Shiga Zai Sa wa Ƙugiya

'Yan'uwa manoma, kowa ya san yadda watannin Yuli da Agusta suke a gidajenmu. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu, kuɗi sun tafi wajen taki da 'yan ƙwadago, miya kuwa sai ganye zalla. A daidai lokacin nan ne rafukan ƙasar Birnin Gwari suke cika, kifi yana haurowa daga Kogin Mariga har cikin fadamu. Mutum ɗaya mai sandar gora da ƙugiya biyu yana iya kawo wa iyalinsa kifin miya bayan ya tashi daga gona. Amma da yawa sukan gwada sau biyu ko uku, su dawo hannu wofi, su ce ba su da sa'a. Sau da yawa laifin yana ga abin da suka sa wa ƙugiya, da wurin da suka jefa ta.

Abu na fari da za a sani shi ne, kifi ba iri ɗaya yake neman abinci ba. Waɗansu da hanci suke nema, waɗansu da ido. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa suna da gashin baki, da shi suke lalube suna jin ɗanɗanon abu a ƙasan ruwa, ko da dare ne, ko ruwan ya yi ja da laka. Giwan ruwa da tsage kuwa mafarauta ne, sai sun ga ƙaramin kifi yana walƙiya kana su kai masa cafka. To, ka dubi ruwan da yake gabanka tukuna. Kadan ka tsoma hannu har gwiwar hannu ba ka ga yatsunka ba, wannan ruwan masu hanci ne, sai ka ba su abu mai wari. Kadan kana hangen duwatsu a ƙasa, masu ido za su ga abin da ka jefa.

Tarwaɗa da karfasa tukuna

Shawararmu ga sabon shiga ita ce ya fara da waɗannan biyu, gama su ne suka fi yawa kusa da gonakinmu, kayan kamunsu kuma ba su da tsada. Ana bukatar sandar gora mai kamu shida ko bakwai, da zaren lailon wanda ya ɗan fi sandar tsawo, da ɗan guntun darma ko ƙaramin noti domin nauyi, da totuwar kara ko yankin tsohon silifas wanda zai yi yawo a kan ruwa ya nuna maka in kifi ya taɓa. Wajen sayen ƙugiya a lura: a yawancin waɗanda ake sayarwa, in lamba ta hau ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Kada lamba ta ruɗe ka, ka gwada da farce. Ta karfasa, faɗin bakinta kada ya wuce farcen ɗan ƙaramin yatsa. Ta tarwaɗa ta kai farcen babban yatsa. Sababbin shiga sun cika son babbar ƙugiya don suna mafarkin babban kifi, sai ƙananan kifaye su yi ta tsinke abincin suna barin ƙarfe tsirara.

Ba abin da ya kai tana. Da damina ana samunta a bayan gida inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, da ƙarƙashin juji. A ajiye ta cikin gwangwani da danshin ƙasa, a inuwa. A zura ta ta rufe ƙugiyar duka, a bar wutsiya tana motsi. Bayan tana sai shinge da gina, waɗanda suke fitowa bayan ruwan farko, da fara, da gwazarma ta cikin taki. Tarwaɗa tana son hanjin kaza wanda ya kwana ɗaya ya ɗan yi wari, masunta da yawa kuma sukan sa mata ɗan yankin sabulu ta ci. Karfasa ita ce mai wuyar sha'ani, gama asalin abincinta gansakuka ne da ƙananan tsire-tsiren ruwa, bakinta kuma ƙarami. A cuɗa dusa da sauran tuwo, a jefa dunƙule biyu ko uku a wuri ɗaya kullum da yamma. Bayan kwana uku za su saba da wurin, sa'an nan a sa musu ɗan guntun tana a ƙaramar ƙugiya.

Wurin jefawa ya kai abincin muhimmanci. Kifi ba ya son wahala, ba ya tsayawa a tsakiyar igiyar ruwa yana kokawa da ita. Yakan laɓe a inda ruwa ya lafa: bayan dutse, ƙarƙashin itacen da ya faɗi, cikin lungun da ruwa yake juyawa, ko bakin ɗan ƙorama inda take shiga babban rafi tana kawo tsutsotsi daga gonaki. Ga tarwaɗa, a bar darmar ta kai ƙasa, a zauna shiru, daga faɗuwar rana zuwa duhu ya soma. Ga karfasa, a ɗaga totuwar yadda ƙugiya za ta rataya kamu ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa, kusa da ciyawa, da hantsi ko da la'asar. Kadan totuwa ta soma rawa kada ka fizga. Ka jira ta nutse ko ta soma tafiya gefe, kana ka ɗaga sanda da ƙarfin wuyan hannu kaɗai. In ka yi rabin sa'a ba abin da ya taɓa, ka sake wuri ko ka sake zurfi.

Kifin ƙarya

Yanzu samari suna ganin hotuna a waya na masu kamun kifi a Amurka, suna jefa ɗan kifin roba ko na katako mai launi, suna jawo wani kifi da ake kira bas. Waɗansu har sun ba da saƙo a sayo musu irin kayan nan daga birni. Babu bas a ruwayenmu, amma giwan ruwa da tsage halinsu ɗaya da shi, kifin ƙarya kuwa yana kama su. Dabarar ma wurin talaka ta fito. A 1936 wani masunci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya lura manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifin da ya ji ciwo yana tangaɗi. Sai ya sassaƙa ɓawon itace da wuƙa, ya naɗe shi da takardar azurfa, ya ja shi cikin ruwa yana tangaɗi haka nan. Har yau ana sayar da irinsa da sunansa.

Amma fa a yi lissafi kafin a kashe kuɗi. Kifin ƙarya ba shi da wari, saboda haka a jan ruwan Agusta kusan aikin banza ne. Lokacinsa shi ne bazara, daga Maris zuwa farkon Mayu, sa'ad da koguna suka tsinke kifi ya taru a gurabe masu zurfi, da kuma kaka bayan ruwa ya tsane ya yi garau. Giwan ruwa kuma ba kifin ƙorama ba ne, yana son ruwa mai zurfi kamar Kogin Kaduna da tafkin Shiroro. Yakan girma ƙwarai, ya haura kilo 100 a manyan ruwaye, zaren karfasa kuwa ba zai riƙe ko ɗansa ba. Wanda yake so ya gwada, ba sai ya saya ba. A yanke mariƙin tsohon cokalin ƙarfe, a huda kan cokalin gaba da baya, a sa ƙugiya a baya da zoben waya, a goge shi da toka ya yi ƙyalli. A jefa kusa da duwatsu da asuba ko gab da magariba, a jawo a hankali, a ɗan dakata, a sake ja. Yawanci a wurin dakatawar nan ake cafka. Tsage yana da haƙora masu datse lailon, sai a ɗaura taƙi ɗaya na siririyar waya gaban cokalin. Sili ɗaya daga wayar birkin keke ya isa. Duk da haka ƙaramin kifi mai rai, irin su kawara, wanda aka soke ta baya a ƙarƙashin ƙaya, ya fi kowane cokali kama giwan ruwa.

Abin da ƙungiya za ta kula da shi

Ƙugiya ɗai-ɗai tana da tsada. Ƙungiya ta sayi kwali guda da ƙullin zare guda ta raba wa membobi, kamar yadda muke yi da iri. A nemi izinin Sarkin Ruwa ko mai gari kafin a shiga ruwan da ba na garinku ba. Dajin Kamuku ya zama gandun ƙasa tun 1999, ba a yarda da farauta ko su a cikinsa ba. Maganar tsaro kuwa ba sai an gaya wa mutumin Birnin Gwari ba. Ko da yake gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindiga a Nuwamba 2024 har aka sake buɗe kasuwar shanu, kowace ƙungiya ta bincika halin da yankinta yake ciki a wannan mako kafin kowa ya fita. A tafi mutum biyu ko uku, a faɗa a gida inda aka nufa, a dawo kafin dare ya yi. Tarwaɗa ta fi ci da tsakar dare, gaskiya ne, amma a bar mata wannan lokacin.

Rafi yakan cika farat ɗaya ko ba a yi ruwa a inda kake ba, don haka kada a tsaya a kan dutsen tsakiyar ruwa. A yi kamu daga gaɓa, gama tsayuwa cikin ruwan da ya kwanta ita take kawo tsargiya, musamman ga yara. A kama tarwaɗa da kurungu ta bayan kai saboda ƙayarsu, minjirya kuwa a yanke zare kawai, kada a taɓa ta.

Zuba magimfa ko maganin feshi a ruwa yana kashe manya da 'ya'ya da ƙwai gaba ɗaya, a ruwan da shanu da mutanen ƙasa da ku suke sha. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana sa guba da abin fashewa. Da farkon damina kifi yake yin ƙwai. Kadan ka kama karfasa ka ga ƙwai ko 'ya'ya cike da bakinta, uwa ce mai reno, ka zare ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu ka mayar da ita. Haka nan duk wadda faɗinta bai kai yatsu uku ba. Abin da ya ragu bayan an yi miya, a fede shi, a sa gishiri, a yi bandarsa a daren nan, gama da zafin damina ɗanyen kifi ba ya kai gobe.