Gadar Malanville da Hanyar Jini a Hannu

Duk wanda ya taɓa zama a bakin gadar Malanville, a kan iyakar Nijar, yana kallon tireloli suna jiran takardun duwan, ya riga ya san rabin karatun da ɗaliban likita ke shan wahalarsa a kan hannun ɗan Adam. Kaya na tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kotonu, su ci kilomita 700 da ɗoriya ta Paraku da Kandi kafin su ga kogin Kwara. To haka jini yake. Zuciya ce tashar, ita ke lodi, kuma ba ta san ranar hutu ba.

Jijiyar da ke ɗauko lodin hannu tana bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa. A nan likitoci suka ba ta suna. Ta shiga hammata suka canza mata wani, ta sauko damtse suka raɗa mata na uku. Sai ɗalibi ya zaci jijiya uku ce, alhali guda ce tal, kamar kwaltar da muke kira hanyar Kandi a wannan gaɓa, kana haye gada ta koma hanyar Dosso, direba kuwa bai sauka daga kanta ba. A damtsen nan ne malamin asibiti ke naɗa maka robar awon hawan jini. Ya hura iska ya tare hanya, ka ce jandarma ne ya ɗaga hannu, sannan ya riƙa sassautawa yana kasa kunne ya ji motar farko ta wuce.

A Dosso hanya ta rabu, ɗaya ta yi Yamai, ɗaya ta yi Dogon Dutsi da Ƙonni. Dosson hannu tana ɗan ƙasa da lanƙwasar gwiwa. Reshe ɗaya ya bi gefen babban yatsa, shi ne kake jin yana harbawa a wuyan hannu, don a wurin yana kwance kan ƙashi, fata kawai ta rufe shi. Ɗayan ya bi gefen ƙaramin yatsa ya nutse cikin tsoka, ba ya son a gan shi, ko da yake sau da yawa shi ya fi kauri.

A nan hannu ya fi masu zana mana hanyoyi wayo. Rassan biyu ba su rabu ke nan ba, sun sake haɗuwa a tafin hannu, har sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a can ciki, daga nan ƙananan hanyoyi suka bi gefe da gefen kowane yatsa. In ɗaya ta toshe, a yawancin mutane ɗayar za ta ciyar da yatsu biyar ɗin. Gwada ka gani: dunƙule hannu da ƙarfi, wani ya danne maka jijiyoyin biyu a wuyan hannu, ka buɗe. Tafin zai yi fari fat. Ya saki guda, kafin ka ƙirga goma jini ya dawo ko'ina. Wani likitan Amurka, Edgar Allen, ya bayyana asalin gwajin nan a 1929, kuma irinsa ake yi kafin a ciro jijiyar gefen babban yatsa ɗungurungum a yi wa zuciya faci da ita.

Daga gwiwa zuwa sama fa, babbar hanya guda ce, kamar gadarmu. Mutanen Malanville da na Gaya, a ƙetaren gadar, sun ga abin da hakan ke nufi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka, aka gindaya kwantena a kan gada, tireloli suka yi layi har ido ya gaji. Kasuwa ba ta mutu ba, kwale-kwale ya karɓi aiki. Jiki ma yana da nasa kwale-kwalen, wasu siraran jijiyoyi da ke zagaye kafaɗa da gwiwa. In babbar ta riƙa tsukewa a hankali, sukan buɗe su ɗauki nauyi. In farat ɗaya aka datse ta, sai a tuna cewa kwale-kwale ba ya ɗaukar lodin tirela.

Shi ya sa karayar yara a saman gwiwar hannu ke ba ni tsoro. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa, ƙashin ya ɓalle daidai inda jijiyar ke wucewa, bakinsa ya danne ta. A kai shi wurin mai ɗori, a jera kara a tamke tam, kumburi kuma ya taso daga ciki bai da wurin zuwa. Akwai masu ɗorin da suka san hannunsu, ban musa ba, amma ɗauri ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata. In yatsun sun yi sanyi, sun canza launi, yaro na ihu da an miƙar masa da su, gada ce ta rufe, ba taurin kai yake yi ba. A kwance ɗaurin a nufi asibiti ko da tsakar dare ne, don tsokar da ta yi kamar awa 6 ba jini ta fara mutuwa. Wadda ta mutu kuma takan ƙanƙance ta janye yatsu su lanƙwashe, ƙashi ya warke sumul, hannun ya kasa riƙe ko cokali.