Raddi ga Saƙon da ke Cewa a Sha Kafso Don Mura

Tun da hunturun bana ya kama, wani saƙo yake ta zagaya wayoyin 'yan'uwa da abokan arziki a WhatsApp, ba sunan marubuci, ba isnadi, sai dai a ƙarshensa an haɗa mai karatu da Allah ya tura wa mutum goma. Abin da ya faɗa na cewa ruwan zafi yana wanke ƙwayar cuta daga maƙogwaro bai cancanci raddi ba. Citta da lemun tsami da ya ambata kuwa suna rage ƙaiƙayin maƙoshi, iyakarsu ke nan. Mas'alar da ta hana ni yin shiru ita ce ta uku, inda aka ce wai mura mai tsanani da korona ba sa kisa sai da taimakon bakteriya, saboda haka duk wanda ya soma tari ya hanzarta kemis ya sayi Amoxicillin ko Azithromycin, tun da ko a asibiti abin da ake ba kowa ke nan.

Haƙiƙa maganar tana da asali, shi ya sa ban ga laifin uwar da ta gaskata ta ba, wadda ta kwana zaune da yaro yana tari, ga asibiti da nisa, ga kemis a bakin layi. A annobar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, galibin waɗanda suka rasu ciwon huhu na bakteriya ne ya ƙarasa su bayan mura ta kayar da su, a zamanin da ba a gano penisilin ba tukuna. Amma a ɗauki wannan a auna kowace mura da shi, ƙiyasi ne ɓatacce, domin an ƙirga an gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba bayanan majinyatan korona kimanin 450,000 da aka kwantar a ƙasashe 65, ta kuma bayyana a 2024 cewa kashi 8 cikin 100 ne kacal suke ɗauke da bakteriyar da ke buƙatar irin wannan magani na kashe bakteriya, alhali kashi 75 an ba su shi, a Afirka ma har kashi 83. Ashe abin da mai saƙon ya kafa hujja da shi, shi ne ainihin kuskuren da masana suke kuka a kansa. A Birtaniya kuma, cikin wani gwaji da ya haɗa majinyatan korona fiye da 7,700, an ba wasu Azithromycin an bar wasu, bai rage mutuwa ba, bai gajarta kwanciya ba.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Amoxicillin bangon jikin bakteriya yake rushewa, ita kuwa ƙwayar bairos da ke haddasa mura ba ta da wannan bango, don haka kafson sai ya wuce ta ya auka wa bakteriya masu amfani da ke cikin hanji, ya jawo gudawa, ya bar masu taurin kai suna hayayyafa. Irin waɗannan masu bijire wa magani su suka yi ajalin mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Wanda ya zauna ya tsara saƙon nan ba tare da bincike ba, da rayukan 'ya'yan mutane yake wasa.

Sai dai fa a yi adalci: likitan da ya ga majinyaci numfashinsa na sarƙewa, ya soma ba shi maganin bakteriya kafin sakamakon gwaji ya fito, ijtihadi ya yi a kan abin da ya ji a ƙirji da abin da hoton huhu ya nuna, kuma yana iya dakatar da shi in gwaji ya saɓa wa zatonsa. Koren kaki shi kaɗai ba shaidar bakteriya ba ne. Abin lura shi ne mai mura ya fara samun sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo masa, ko numfashi ya yi sauri, ko haƙarƙarin yaro ya riƙa lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono. Mai irin wannan hali asibiti za a kai shi a ranar, a auna iskar jininsa.