Layinmu na Bayan Badala

Shirinmu na yau zai fita ta Ƙofar Ɗan Agundi, ya nufi unguwannin da suka tashi a bayan badalar Kano: Gandun Albasa, Hausawa, Gyaɗi-Gyaɗi, har zuwa gidajen Kundila.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, ma'aikatu suka ƙaru, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka shiga ɗibar ma'aikata. Cikin birni ya cika, sai aka riƙa yanka gonaki ana mayar da su fulotai. A layi ɗaya za ka tarar da malamin firamare Bazazzagi, da direban babbar mota Bahaɗeje, da ɗan kasuwar Kwari, da tela Bayarabe wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram. A cikin gari maƙwabcinka ɗan'uwanka ne tun kaka da kakanni. A nan kuwa babu wanda ya haɗa jini da wani. Zumuncin da muka tashi muka gani, iyayenmu ne suka gina shi da hannunsu.

Da me suka gina shi? Da kwanon tuwo, kafin komai. Ciyayya ake ce mata. Da an idar da magariba, uwa za ta zuba tuwo a kwanon sha, ta rufe da faifai, ta ce, "Maza kai gidan Baba Direba, ka ce ina gaida mutan gida." Ba ka dawowa da kwano wayam, ko dambu ne, ko ɗan wake, ko ƙosai biyu na ladan aike. Da na girma na gane abin da ke ƙarƙashin wannan al'ada. Gidan da ba a ɗora tukunya ba ranar, yaransa za su ƙoshi, kuma babu wanda ya roƙa, babu wanda ya ji kunya, domin kowa ake kai wa. Iyayenmu mata sun san gidan da albashi ya makara, sai su ƙara malmala ɗaya, ba su ce uffan ba.

Sai kuma yadda aka gina gidajen. Kowane gida da soro, a ƙofarsa da dakali. A soro maigida ke cin abinci da duk wanda Allah ya kawo, a nan almajirin gida ke kwana, a nan ake sasanta mata da miji kafin magana ta kai wa mai unguwa. Dattijon da ke kan dakali ya san ɗan kowa. In ya gan ka kana yawo lokacin makarantar allo, kafin ka isa gida labari ya riga ka. Ɗa na kowa ne, haka suke cewa, kuma da gaske suke. Gaskiya wani hukuncin yakan wuce kima, kuma 'yan mata da yawa talla ta hana su zama a aji, ko bayan da aka buɗe ilimin firamare kyauta a 1976. Wannan ba abin kewa ba ne. Amma yaro bai taɓa rasa idon babba a kansa ba.

Wasa kuwa, titi ne filinmu. Langa, da ƙwallon tsumma, da motar kara, da garin taya. 'Yan mata suna carafke da rana, suna gaɗa a farin wata. Ranar goma ga azumi tashe ya kankama, mu bi gida gida ana ba mu gero da 'yan kwabbai. Talabijin ɗaya ce a layinmu. Mai ita yakan fito da ita tsakar gida, mu zauna a tabarma mu kalli wasan kwaikwayon Samanja, manya a baya, yara a gaba. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe gidan talabijin na CTV, tsakar gidan nan ba ta sake ɗaukarmu ba, har kan katanga ake hawa.

Yanzu gari ya miƙe har ya wuce Na'ibawa, Rijiyar Zaki da Ɗanbare. Sabon gini ba shi da soro. Doguwar katanga ce da get na ƙarfe da waya a sama. Ba na ganin laifin masu yin haka. Wanda ya ga harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, ko aka tare ɗansa da wuƙa aka ƙwace masa waya, dole ya kulle ƙofa. Tsadar hatsi ma ta taɓa ciyayya, musamman tun cire tallafin mai a 2023. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda muka yi da gangan. Filin da yara ke ƙwallo an yanka shi shaguna. Kududdufin da ke shanye ruwan sama an cike shi an yi gini, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna. Yaron da aka hana shi titi, aka kuma sayar da filinsa, ina ake so ya san ɗan maƙwabci?

Duk da haka akwai layukan da suka ƙi sakin jiki. Suna karo-karo su biya 'yan sintiri, su gyara taransifoma, su yashe kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Wasu magidanta sun dawo da shan ruwa tare a ƙofar masallaci, kowa ya fito da abin da aka dafa a gidansa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, irin waɗannan layuka za mu shiga, mu ji daga bakin masu unguwanni da iyayenmu mata yadda suke haɗa kuɗin da kuma wanda ke riƙe shi.