Shirin Ganawar Neman Aiki a Kamfanin Inshora ga Wanda Bai Taɓa Aiki Ba

Kowace shekara muna sallamar ɗalibai daga aji shida. Wasu sukan wuce jami'a ko kwaleji, wasu kuwa halin gida yakan sa su shiga neman abin yi nan da nan. Ko ba jima ko ba daɗe, dukansu za su zauna gaban masu ɗaukar ma'aikata. Daga cikin wuraren da suke buɗe wa matashi ƙofa akwai kamfanonin inshora, domin kullum suna bukatar mutanen da za su shiga kasuwa da unguwa su yi wa jama'a bayani. Sai dai da zarar yaro ya ga an rubuta a jikin talla cewa an fi son wanda ya taɓa yin aikin, sai gabansa ya faɗi, ya naɗe takardunsa ya koma gida. A ganinmu wannan gaggawa ce.

Abin da kamfanin inshora yake sayarwa alkawari ne. Mutum ya ba da kuɗinsa yau, a miƙa masa takarda mai cewa idan masifa iri kaza ta same shi za a biya shi diyya. Saboda haka mai yi muku tambayoyi abu biyu yake son ya gano: ko kun fahimci yadda wannan alkawari yake aiki, da kuma ko za a iya ba ku amanar kuɗin mutane da sunan kamfani. Dukansu biyu ana iya shirya musu daga gida, ko mutum bai taɓa zama a ofis ba.

Mu fara da fahimtar, domin a nan ne yawancin masu nema suke faɗuwa. Tambayar farko takan zama mai sauƙi a ji: mece ce inshora? Mutane da yawa sukan ce ai kamar adashe ce. Akwai kama, amma akwai bambanci, kuma wanda ya iya faɗin bambancin ya riga ya wuce rabin abokan nemansa. A adashe kowa yana zubi, kowa kuma zai kwashi nasa idan layi ya zo kansa. A inshorar gobara kowa yana zubi, amma wanda wuta ta ci kayansa shi kaɗai yake ɗauka. Alal misali, a ce akwai shaguna 1,000, kowanne da kayan naira miliyan 2, kuma an lura cewa shaguna 5 ne suke ƙonewa a shekara. Asarar ta kama naira miliyan 10. Idan kowane mai shago ya ba da naira 10,000, an haɗa abin da za a mayar wa mutum biyar ɗin nan. Kamfani zai ɗora wani abu a kai domin albashin ma'aikata da ajiya da riba. Ba wanda ya san shagon wa wuta za ta ci, amma ana iya ƙiyasta shaguna nawa za ta ci, kuma a kan wannan ƙiyasi aka gina sana'ar gaba ɗaya.

Mai tambaya mai wayo zai ce: to, in kasuwar ce duka ta kama wuta fa? Tambaya ce mai tushe. Babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone a shekarar 2002, kasuwar Sabon Gari ta Kano ma ta yi mummunar gobara a 2016. Asara irin wannan tana iya durƙusar da kamfani ɗaya. Shi ya sa su ma kamfanonin inshora suke kai wani kashi na nauyin da suka ɗauka wajen manyan kamfanoni su yi masa inshora. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Africa Re, wanda aka kafa a 1976, kuma hedkwatarsa tana Legas.

Bayan wannan akwai ƙa'idoji uku da muke so kowa ya iya bayyanawa da bakinsa, ba hadda ba. Ta farko ita ce faɗin gaskiya dukanta. Mai shagon da yake ajiye jarkokin fetur a bayan kanta, ya ɓoye wa kamfani, ranar da gobara ta tashi kamfani yana da ikon ƙin biya. Ta biyu, ba a yi wa abu inshora sai in asararsa za ta taɓa aljihun mai yin. Ba za ka yi wa gidan maƙwabcinka inshorar gobara ba, domin in an yarda da haka wasu za su riƙa fatan gidan ya ƙone. Ta uku ita ce mai tayar da rigima tsakanin kamfani da jama'a: diyya tana mayar da mutum inda yake kafin asara ne, ba ta ba shi riba. A ƙarƙashinta akwai wani lissafi da ya kamata ku gwada da fensir. Mutum yana da kayan naira miliyan 4 a shago, amma domin ya rage abin da zai biya sai ya ce na miliyan 2 ne. Wuta ta ci kayan miliyan 1. Shi yana sa ran miliyan 1, tun da bai kai miliyan 2 da ya rubuta ba. Kamfani kuwa zai ce rabin kayanka ka yi wa inshora, don haka rabin asarar za mu biya, wato naira 500,000. Daga nan sai a ji mutumin yana yawo yana cewa inshora damfara ce, alhali wakilin da ya cika masa takarda ne bai yi masa bayani ba tun farko. Inshorar rai ta fita daga wannan ƙa'ida, domin ran mutum ba shi da farashi. Abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ake biyan magada.

Waɗannan abubuwa suna nan a babin inshora na littafin darasin Kasuwanci. Wanda ya ajiye nasa ya kakkaɓe masa ƙura.

Sai kuma sanin halin da sana'ar take ciki a ƙasarmu. Ba a bukatar ku zama lauyoyi, amma abin kunya ne mutum ya je neman aikin inshora bai san NAICOM ba. Ita ce hukumar gwamnatin tarayya mai ba kamfanoni lasisi da sa musu ido, an kafa ta a 1997. CIIN kuma ita ce cibiyar da take shirya jarrabawar ƙwararrun inshora. A 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai zuwa naira biliyan 10, na sauran nau'o'in inshora zuwa biliyan 15. Ku san cewa akwai inshorar da doka ta wajabta. Wadda kowa ya sani ita ce ta mota, mai biyan wanda direba ya yi wa ɓarna. A watan Janairun 2023 aka ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka kuma ɗaga diyyar ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Dokar fansho ta 2014 ma ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na abin da ma'aikaci yake samu a shekara ba. Sa'an nan ku binciki shi kansa kamfanin da ya kira ku: inshorar rai yake yi ko ta dukiya, yaushe aka kafa shi, ina rassansa suke. Wanda Leadway ya kira, alal misali, ya dace ya san cewa an kafa shi a 1970 kuma a Kaduna ya fara.

Akwai wata ƙa'ida da aka tsananta aiki da ita tun Janairun 2013, wato in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Ku riƙe ta da kyau, domin tana da alaƙa da zancen amana. Wakilin da ya karɓi kuɗin mai mota ranar Juma'a, ya ce bari ya ɗan juya su zuwa Litinin, yana iya jefa bawan Allah cikin rigimar da ba ta da iyaka idan hatsari ya auku ranar Asabar. Masu ɗaukar aiki sun ga irin wannan sau da yawa, shi ya sa suke kallon hali fiye da yadda suke kallon takarda.

Yanzu ga tambayar da ake tsoro: wane aiki ka taɓa yi? Kada ku ƙaga wani ofis da ba ku taɓa shiga ba. Tambaya biyu ta isa ta tona asiri, kuma wanda aka kama da ƙarya a sana'ar da ta tsaya kan faɗin gaskiya, ya gama yawo. Kada kuma ku sunkuyar da kai ku ce ba komai. Ku duba baya da kyau. Wadda ta yi shekara biyu tana tsare shagon mahaifiyarta, tana rubuta bashi tana bin sa, ta san ciniki da haƙuri da mutane. Wanda ya riƙe ma'ajin ƙungiyar matasa a ikilisiya ko ƙungiyar ɗalibai, ya karanta rahoton kuɗi gaban jama'a ba a sami giɓi ba, yana da abin faɗa. Amsa mai kyau takan yi kama da haka: "Ranka ya daɗe, ban taɓa aiki a kamfani ba. Amma na riƙe asusun ƙungiyarmu mai mutum 60 har shekara biyu, ina karɓar kuɗin wata ina ba da rasit, kuma shugabanmu yana nan in ana son a tambaye shi." A lura da adadi a cikin amsar, da kuma shaidar da za a iya bincikawa. Cewa "ni mai ƙwazo ne" kowa ma yana faɗa.

Wani lokaci mai tambaya zai gyara zama ya ce, "To, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, sayar mini da inshora." Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zuba yabon kamfani kamar mai tallar magani a tasha. Ku fara da gaisuwa, sa'an nan tambaya. Wane irin kaya Alhaji yake sayarwa? A ina yake ajiye su? Daga ina ake kawo su, kuma in mota ta faɗi a hanya wa yake ɗaukar asarar? Daga amsoshinsa ne za a gane abin da yake bukata. Ku sa ran zai ce kamfanonin inshora ba sa biya. Kada ku yi musu da zafi, domin akwai waɗanda aka ɓata wa rai da gaske. Ku bayyana masa cewa takardun inshorar mota da yawa da ake saya a bakin titi na jabu ne, cewa ana iya duba sahihancin takarda ta intanet da lambar mota, kuma NAICOM tana karɓar ƙorafin wanda kamfani ya ƙi biya. Wani kuma zai ce shi ya dogara ga Allah. Wannan magana ana jin ta daga Kirista da Musulmi, kuma ladabi take so. Ana iya tuna masa a hankali cewa mai dogara ga Allah ma yana kulle shagonsa da dare. Ga Musulmin da yake da damuwa game da riba da rashin tabbas, akwai tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da suke gudanar da shi. Matashin da ya san wannan yana da amfani ga kowane kamfani mai aiki a Arewa. Haka kuma iya Hausa da yaren gida jari ne, ko da da Turanci za a yi ganawar. Ku faɗa musu harsunan da kuke ji.

Akwai abin da muke so iyaye ma su lura da shi. Ba kowane aikin inshora ne mai albashi ba. Akwai ma'aikatan ofis masu auna haɗari kafin a karɓe shi, da masu duba takardun neman diyya, da masu lissafi. Waɗannan galibi ana neman mai digiri ko difloma, kuma ana koyar da fannin a jami'o'i kamar ta Legas da ta Ahmadu Bello a Zariya. Amma ƙofar da ta fi buɗuwa ga sabon shiga ita ce ta wakili, wanda la'ada ce abincinsa: in ya sayar ya samu, in bai sayar ba ya tashi a tutar babu. Aiki ne na halal, wasu sun gina gida da shi, amma farkonsa da wuya. Watan farko mutum yakan sayar wa kawu da gwaggo da abokan baba, daga nan dangi su ƙare, sai a koma ƙwanƙwasa ƙofar baƙi da kuɗin mota daga aljihu. Don haka idan aka ce ko kuna da tambaya, kada kunya ta hana ku. Ku tambaya cikin ladabi ko akwai albashi ko la'ada ce kaɗai, nawa ake son mutum ya kawo a wata, ko ana ba da kuɗin zirga-zirga, ko akwai horo, kuma wa zai ɗauki nauyin rajistar wakili. Kamfanin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce sai kun biya kuɗi kafin a gana da ku, ko ba ku ga sunansa cikin jerin masu lasisi da NAICOM take wallafawa ba, ku kama gabanku.

Sauran shirin sananne ne. A haɗa takardun shaida na asali da kwafinsu cikin fayil mai tsabta, a tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai a kowace takarda. A nemi izinin malami ko shugaban da za a ba da sunansa a matsayin mai shaida tun kafin a rubuta shi. A je a ga wurin kwana ɗaya kafin ranar, a sa tufafi masu tsabta da guga, a isa da wuri, a kashe waya. Yana da kyau a sami wani babba a gida ya zauna a matsayin mai tambaya, a gwada lissafin shagon nan na miliyan 4 a gabansa har sai ya gane. Idan an fito daga ganawar, a rubuta tambayoyin da aka yi tun a ranar kafin a manta, domin kamfani na gaba ma kusan su zai maimaita.